Tanimu Ya Tsaya, Isaka Ya Wuce

Yamai, 9 ga Yuni

Zuwa ga uwargida Hajiya Rakiya, a Damagaram.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gajiyar hanya, ina hidimar jego? Yaya jikin mai jegon, yaya kuma sabon angon naki da ya ƙwace mini ke tun bai iya buɗe ido ba? Allah Ya raya shi. Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Hajiya, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Cikin alhini nake sanar da ke cewa yajin da kika daka kika bar mana ya ƙare. Ya tafi ya bar gwangwani da ƙaramin cokali. Abin da ya fi mini ciwo shi ne ban halarci ƙarshensa ba. Ashe tun makon da kika tafi ya ƙare, ƴarki Hadiyya ta je kasuwar Lazare ta sayo wani ta juye a gwangwanin, ni kuwa ina ta barbaɗawa ina sa miki albarka.

Da ta tona asirin na ce ai shi ke nan, tunda ban gane ba, yajin ɗaya ne. Ta ce a'a, a shinkafa da nama kaɗai na ci shi. Ta tashi ta kwaɗa zogale ta zuba, loma ɗaya na yi na san ba hannunki ba ne. Sai ta ce: "Ka gani, Baba? Don sun yi daidai a kwano biyu ba su zama ɗaya ba, sai in babu kwanon da zai raba su ko'ina a duniya." Wai ashe abin da take karantawa ke nan a jami'a duk shekarun nan da muke ce wa maƙwabta tana koyon gyaran ordinater, wato kwamfuta.

Bari in faɗa miki yadda na fahimta, in ya so ki gyara wa maƙwabtan. Porogaram jerin umarni ne da ake rubuta wa ordinater. Irin wanda take aiki da shi kamar injin niƙa ne mai amana: ki zuba masa abu ya ba ki amsa, ba ya taɓa komai a gefe, in kin sake zuba abin nan amsar nan zai sake ba ki. To akwai wani tsohon porogaram, dogo, mai nawa, ita kuma ta rubuta sabo, gajere, mai sauri. Aikinta na kammala digiri na biyu shi ne ta kafa hujja cewa duk inda aka cire tsohon aka sa nata, babu abin da zai canja. Na ce ta gwada su sau dubu mana ta huta. Ta dube ni kamar yadda nake duban ɗalibin da ya sa Agadas a bakin teku. Wai gwaji yana faɗin abin da ya faru ne a inda aka gwada, ita kuwa ana son ta yi magana a kan inda ba a taɓa zuwa ba. Sai ta nuna maganar ta tabbata in jerin abubuwan da aka zuba babu komai a cikinsa, sannan ta nuna in ta tabbata a kowane jeri, za ta tabbata in an ƙara masa abu guda. Da waɗannan biyun wai ta gama da dukan jerin da za a taɓa yi.

Hajiya, ni malamin tarihi ne. Rayuwata duka a lise, makarantar sakandare, ina koyar da abin da aka ce, da wanda ya ce an ce. Ban taɓa riƙe magana ɗaya da zan rantse babu inda za ta karye ba. Yarinyar nan kuwa ta maida ƙofar garejinmu allo, ta cika ta da alli daga sama har ƙasa, in ta kai layin ƙarshe sai ta ja baya ta karkaɗe hannu kamar wadda ta gama shara. Ina zaune ƙarƙashin dogon yaro da jarida, amma ba jaridar nake karantawa ba.

Ƙarshen watan nan za ta tsaya gaban malamai ta kare aikin, abin da suke kira sutanas. Gurbin karatun dokta da aka yi mata alkawari a Dakar yana jiran takardar, kuma farkon Yuli suke rufe karɓa. Ki sa ta a addu'a.

Ki gaida mutan gidan duka, har da abokin hamayyata.

Naki,
Yahaya


Yamai, 19 ga Yuni

Hajiya Rakiya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da mai jego da angon. An yi ruwa a nan, rufin kicin bai zuba ba.

Na yi ɓarna, kuma da bakina na yi ta.

Kin san maƙwabtanmu Tanimu da Isaka, waɗanda na daɗe ina cewa mutum ɗaya ne aka saka a riga biyu. Tare suke fitowa, hanya ɗaya suke bi zuwa masallaci, gaisuwa ɗaya suke yi wa Alhaji Hasan da ke zaune ƙofar gidansa, sahu ɗaya suke tsayawa. To ranar Talata da la'asar gyangyaɗi ya sace Alhaji Hasan a kan kujera, carbi a hannu, hula ta rufe ido. Isaka ya ce ina wuni Alhaji, ya wuce abinsa, don shi dama jefa gaisuwa yake yi, ba ya jiran a amsa sai in yana da magana. Tanimu kuwa ashe tsawon shekarun nan ba ya ɗaga ƙafa sai an ce lafiya lau. Ya gaida, shiru. Ya sake, shiru. Ya koma Zabarmanci, ko tsohon ya canja yare a barci. Muna sallame salla muka fito muka same shi a durƙushe yana tambayar gajiya.

Wannan labari na kawo gida lokacin cin abinci, ina dariya har da ƙwalla. Hadiyya ba ta yi dariya ba. Ta ajiye cokali ta ce in maimaita. Na maimaita, har da ƙarin gishiri. Ta tashi ta nufi ƙofar gareji ba ta ko wanke hannu ba.

Kafin magariba ta dawo ta zauna kusa da ni, ta ce hujjarta ta fashe. Tsohon porogaram ɗin shi ne Isaka: yana aika tambaya ga wani ƙaramin porogaram, amma ba ya jiran amsa sai in yana bukatarta. Nata kuwa, don ya yi sauri, yana tattara amsoshin duka tun farko, wato Tanimu ne. Muddin ana amsawa, ba mai raba su. Ranar da aka haɗa su da wanda ya shiga zagaye ba ya fitowa, tsohon zai wuce ya ba da sakamako, nata zai durƙusa a wurin har kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Ta lissafa kowace irin amsa da za a iya bayarwa, ba ta lissafa shiru ba.

Na tambaye ta wa ya sani. Ta ce ni da ita. Malamarta, Malama Hamsatu, ta karanta ta sa hannu, sauran malaman da za su zauna mata su ma sun karanta sun amince.

Hajiya, na ba ta shawarar uba. Na ce ta yi shiru, ta karɓi takardarta, ta je Dakar, can ta gyara a tsanake, ba wanda aka cuta. Har na ɗauko makaminta na juya mata: ba ita ta ce abu biyu ɗaya ne in ba mai iya raba su ba? To aikin da ke da rami da wanda ba shi da rami ɗaya ne, tunda masana sun duba ba su gani ba. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, har na so a ce akwai mutane a wurin.

Ta ce: "Baba, ban ce in ba wanda ya gani a cikin ɗakin ba. Cewa na yi in babu wurin da zai raba su. Wurin kuwa ga shi, kai ka kawo shi da bakinka."

Don Allah ki buga mata waya. Ke take ji. Ki tuna mata yadda muka yi kafin a samu gurbin nan, ki ce mata shekara guda ba wasa ba ce. Ni in na yi magana sai ta ce to Baba, irin to ɗin nan taki.

Ki shafa mini kan yaron.

Mijinki,
Yahaya


Yamai, 26 ga Yuni

Hajiya,

Ina fatan kun tashi lafiya. Mu ma lafiya, gwargwado.

Na gode da wayar da kika yi mata. Na ji kin ce ta yi abin da za ta iya kallon malamarta da shi ido da ido, kin kuma ce a gaishe ni. Gaisuwar ta iso.

Ta je ta faɗa. Ta ce Malama Hamsatu ta cire tabarau ta goge, ta bi layukan da yatsa, sannan ta ce kaico, da gaske ne. An ɗage sutanas zuwa ƙarshen Yuli. An rubuta wa Dakar, sun amsa da ladabi cewa ranar rufewa ranar rufewa ce, sai baɗi in Allah Ya kai mu. Gurbin ya tafi. Ranar ta shiga ɗaki ta daɗe, da ta fito idanunta sun yi ja, ta ce hayaƙin gawayi ne. A gidan da ake girki da gaz.

Ban yi mata faɗa ba. Na dai yi kwanaki ina amsa gaisuwarta a taƙaice, ita kuma tana tsayawa sai na amsa, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Yanzu ta koma aiki. Ta gyara porogaram ɗin yadda ba zai jira abin da ba ya bukata ba, ta kuma soma hujjar daga tushe, wannan karon shiru ma an ba shi kujerarsa a cikin amsoshi. Ƙofar gareji ta cika, ta koma bangon bayan gida. Shekaranjiya ruwa ya wanke rabin aikin, ta tsaya tana kallo, ta ce dama akwai layin da bai yi mata ba. Ni da ruwa ya taɓa jiƙa mini takardun jarrabawa, mako na yi ina ba da labari.

Har yanzu ina nan a kan ra'ayina.

Yahaya


Yamai, 28 ga Yuli

Zuwa ga Hajiya Rakiya, da gaisuwa irin ta wanda ya gaji da cin yajin kasuwa.

Yaya kuke, yaya shirin dawowa gida? Na ji angon ya soma murmushi. Ki ce masa ya yi da kyau, lokacinsa ya kusa ƙarewa.

An yi sutanas jiya. Na sa babbar rigar nan mai ruwan toka, Tanimu da Isaka suka ce sai sun raka ni, tunda sun ji an ce da su a cikin maganar. Muka zauna a baya kamar masu jiran hukunci.

Na ɗauka za ta ɓoye ramin a tsakiyar bayani, inda mutane suka fara hamma. Da shi ta buɗe. Ta rubuta abin da ta yi da'awa a watan jiya, ta ce wannan ba gaskiya ba ne, ga kuma inda ya karye. Ta zana mutum biyu da tsoho a kan kujera, ta ba da labarin la'asar ɗin nan da Faransanci mai kyau. Ɗakin ya fashe da dariya. Isaka ya zunguri Tanimu, Tanimu ya gyara hula yana kallon gaba kamar an ambaci sunansa a rediyo. Daga nan ta ɗauko sabuwar hujjar ta bi ta layi layi. Ban fahimci ko kashi ɗaya cikin goma ba, amma na ga yadda malaman suka daina jingina da kujera. Suka yi ta jifanta da tambayoyi. Wadda ta sani ta amsa, guda ɗaya kuma ta ce ba ta sani ba, ta faɗe shi da murya ɗaya da sauran, ba ta sunkuyar da kai ba.

Babban cikinsu, wani dattijo mai furfura, ya ce a gaban kowa shi ya karanta aikin farko da kyau bai ga ramin ba, kuma da ta yi shiru da ya sa hannu ya tafi gida. Kin ji ko? Abin da na faɗa ke nan. Ba wanda zai gani. Na juya in ga ko akwai wanda zan gaya wa, sai na ga ba ni da sha'awar faɗa.

Sun ba ta sakamako mafi girma da suke bayarwa. Malama Hamsatu ta ce za ta riƙe ta ta taya ta koyar da ƴan shekarar farko, baɗi kuma su sake neman Dakar. Ko za a samu, Allah Ya sani, ba wanda ya yi alkawari. Da aka fito Tanimu ya je gaida dattijon nan, mutumin yana waya bai ji ba, Tanimu ya tsaya jiran amsa, sai da muka jawo shi da hannu.

A taksi muna komowa gida ta yi barci, kanta a kafaɗata, alli a gefen mayafinta. Na ce wa direba ya bi a hankali.

Ki taho da barkono da citta na can, gwangwanin yana nan na wanke shi. Ki gaida mai jego da maigidanta, da duk wanda ya tambaye ni.

Naki har kullum,
Yahaya

Af, na manta. Tanimu da Isaka ba mutum ɗaya ba ne. Shawarar da na ba yarinyar nan kuma ba daidai ba ce, na yi kuskure. Na gaya mata da safe, ta ce to Baba.