Masakinka Ya Koma Rafi, Baba

Zuwa ga Babana, Na-Kwara,

Assalamu alaikum, Baba, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san babu mai kai maka wannan, ba kuma za ka karanta ba. A allona nake rubutawa, in ya cika in wanke in ci gaba. Amma magana ta cika mini ciki, kuma ban saba kai wa kowa labarin ruwa ba sai kai.

Gida lafiya. Auduga ta yi kyau a gonarka ta bayan ganuwa, dawa ta kai ƙugu. Yaya Ɗanjuma yana can Malumfashi a marina, ciwon ƙafar tasa dai yana nan yadda ka sani. Akuyarka mai taurin kai ta haifi biyu, har yanzu ba ta jin kiran kowa.

Wannan ce damina ta farko da rafi ya cika ba ka tsaye a bakinsa. Tun ina ƙarama, duk ranar kasuwar Maska kana mashigi da igiyar rama da babban masakinka, kana haye da mutane don Allah. Ka tsufa, haƙora sun zube, ka ga tattaɓa-kunne, amma ko bara sai da ka sa aka kai ka ka zauna kana yi wa samari tsawa. Bana samarin sun watse, kowa ya ce noma ya sha masa kai. Ka san su ai, tsoron bakinka ne kawai yake tsayar da su.

Kana tuna yadda kake fama da mata? Kullum maganarka ɗaya, a kwance goyo a sa yaro a masaki, domin in uwa ta zame, wanda ke bayanta ne zai fara shan ruwa. Su kuma su noƙe, wasu su yi ta ƙunƙuni, wasu su zagaya can ƙasa su haye a ɓoye. Kai ka dawo gida kana huci, ka ce mutanen tudu ba su san ruwa ba, wasa suke da shi kamar ɗan kyanwa.

Kai kuwa ka san shi. Da ƙuruciya ka bi fatake zuwa Nufe, ka ƙare cikin jiragen yaƙin sarkinsu a kogin Kwara, kana tuƙi ana harbi. Ka dawo da tabon kibiya a kafaɗa da waƙoƙin da ba mai jin ma'anarsu, kana rera su a bakin garma. Da ka ce ka ga jirgin Nasara mai hayaƙi yana tafiya ba mai tuƙa shi da filafili, dariya aka yi maka a dandali. Ni ban taɓa yi ba. Sau ɗaya tak ka gaya mini cewa ka kifar da jiragen mutane da yawa, shi ya sa kake son ka ƙare kwanakinka kana fid da mutane daga ruwa. Bayan sallar asuba ina jin kana nema wa waɗanda ba ka san sunansu ba gafara. Ban tambaye ka ba, Baba, na ga abin yana maka nauyi.

Da Inna ta rasu, Goggo ta zo ɗaukata riƙo, ka ce ba inda 'yarka za ta. Kai ka yi mini kitso da hannunka, irin tufkar igiyar jirgi, matan unguwa suka yi dariya har da riƙe ciki kafin su tsefe. Kai ka kai ni kududdufi ka koya mini iyo tare da Yaya, ana ta surutu wai me mace za ta yi da iyo. Ban taɓa ce maka na gode ba. Kunya ce irin tamu, ba rashin so ba. Wallahi ina son ka, Baba, kuma ina kewarka.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ran kasuwar da ta gabaci ta jiya, Ladi matar ɗan maƙeri ta shiga rafi da goyo a baya. Ina gaɓa da kwandon audugar bara na ga ƙafarta ta tafi. Allah ya taimaka ta dafe wata saiwa, amma jaririn ya nutse ya ɓullo. Na shiga na jawo su gaɓa, na kife jaririn a cinyata kamar yadda kake yi, ya amayar da ruwa ya tsala kuka. Da na koma gida ban ko zauna ba, na sauko da masakinka daga rataye na wanke shi.

Surukinka Malam, maigidana, ya ce sam, matar aure mai jikoki ba za ta tsaya a mashigi da jiƙaƙƙen zane maza na kallo ba. Ban yi masa gardama ba, ka san ni. Na dai tambaye shi, in jikarsa ce a bayan Ladi fa? Ya tashi ya tafi masallaci. Da ya dawo sai ya ce sun yi magana da Liman da mai gari, a ware wa mata nasu mashigin a gindin tsamiya, inda ka ce ruwan ya fi faɗi da sanyin gudu. Shi da kansa ya ɗaure mini igiyar, ƙullinsa dai Allah ya kyauta, sai da na sake.

Jiya na shiga, Baba. Ruwan ya yi ja, kuma ni ma ba yarinya ba ce. Na shirya bakina tsaf don faɗan da ka yi ta yi shekara da shekaru. Ka san me ya faru? Ko buɗe baki ban yi ba. Mace ta farko tana isowa ta kwance majanyi ta miƙo mini ɗanta, ta biyu ma haka, har da waɗanda suke zagaye ka. Wata ma ce mini ta yi in yi sauri, kasuwa na ci.

Ashe ba masakin suke ƙi ba, Baba, ba kuma taurin kai ba ne. Kunyarka suke ji. Wace mace ce za ta kwance ƙirjinta a gaban dattijo kamarka? Ka tafi kana zaton ba su yarda da kai ba, alhali sun yarda tun tuni. Ina tsakiyar ruwa, ina tura masaki da ɗan mutane yana barcinsa a ciki, na yi ta hawaye don ba ka ga wannan ba.

Har rana ta karkata ina kai da kawowa. Duk yaron da aka miƙo mini na sauke shi a ɗaya gaɓar, ko tafin ƙafarsa bai jiƙe ba. Ran kasuwa mai zuwa ma ina can, da wadda ke biye, muddin hannuwan nan suna motsi. Ka huta, Baba, an karɓe ka.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka na Kwara, ya haskaka makwancinka. Sai mun zo.

'Yarka,
Kande