Ƙyauren Baba Ya Sauko da Ɗanka

Zuwa ga ƙanena Iddir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zaina da yara, Ya kuma sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan da kake ta kuka da shi. Mu nan alhamdu lillahi. Tuffa ta yi fure har ta rufe kwarin, ruwa ya cika magudanai, akuyar nan mai kunne ɗaya ta haifi biyu. Mijina Bihi yana nan da tarinsa, sai dai ya ƙaru a makon nan, kuma za ka ji dalili. Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. To, a waya ba ka bari in kai aya, da na ɗauko magana sai ka sa dariya ka ce Yaya ba ta canzawa. Shi ya sa na zauna da rubutuna na yaƙi da jahilci, ka karanta shi a haka, ba inda za ka katse ni.

Ka fara kwantar da hankalinka, ɗanka Anir yana raye. Yana asibiti a Marakish, yana ci yana sha, har tsokanar masu jinya yake yi. Amma an yanke masa yatsu biyu na ƙafar hagu, kuma likita ya ce sai an ga yadda sauran za su yi kafin a san ko ƙafar ta tsira. Hotunan da yake turo maka yana murmushi, ka koma ka duba, duk daga ƙirji zuwa sama ne. Ya haɗa ni da girman Allah kada in faɗa maka, wai idan ya koma Beljiyam zai ce a wurin ƙwallo ya ji ciwo. Na ce masa ni ban iya gyara labari ba, wannan sana'ar ubansa ce.

Sun iso shi da abokinsa Bature, wani dogo mai suna Tibo, na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. Na yanka musu kaza, na ba su ɗakin baƙi, Anir a kan gado, Tibo a kan katifa a ƙasa. Kowace safiya ɗanka sai ya fito yana dafe da ƙugu, wai Gwaggo gadon nan naku ko dutse ya fi shi laushi. Ina ce masa bayan 'yan birni ne, zai saba. Ran Talata suka sha shayi suka ce za su ɗan miƙe ƙafa zuwa magangarar ruwa. Na dube su, Anir da farin takalmin yadi irin na yawon kasuwa da 'yar riga, Tibo da gajeren wando, gwiwoyi a waje kamar na zalɓe. Na naɗe musu burodin sha'ir da zaitun na ce kada su wuce azahar, don tajin, dahuwar nama da kayan lambu da na ɗora, ba ya jiran kowa. Wallahi da na san inda suka nufa da na kulle su a rumbu.

Ka san yadda muke fama duk shekara a irin wannan lokaci. Mutum ya taso daga birni, ya ga fure a kwari, rana tana dukan ƙeyarsa, shi ke nan wai hunturu ya wuce. Ba ya ɗaga kai ya ga dutsen fari fat tun daga kafaɗa. Sai ya haye da kwalbar ruwa da waya, mazanmu kuma su ajiye shukar dankali su bi bayansa da igiya. Na sha zagin iyayen irin waɗannan yara a zuciyata, ina cewa wane irin uba ne zai saki ɗa haka. Ashe uban yana cikin gidanmu, nono ɗaya muka sha.

Azahar ta wuce, la'asar ta kawo kai, iska ta juya, gajimare ya sauko ya haɗiye dutsen. Ina tsaye a soro ina leƙe sai ga maƙwabciyarmu Mamas da damin ciyawa a baya, tana tambayata wai da hankalina na bar baƙina suka kama hanyar makiyaya ta sama. Ta ce ta gan su tun hantsi, ta ƙwala musu kira ta ce ƙanƙara tana nan har ƙugu, su dawo. Anir ya juyo da ɗan gurgun yarenmu da ka koya masa, ya buga ƙirji ya ce shi ɗan Iddir ne, jikan Hammu, dutsen nan ya san shi. Ita kuwa ta ce masa to ɗan nan, ba a sanar da dutsen ba tukuna. Suka yi dariya suka wuce. Ta ɗauka za su taɓa sanyin su juyo, shi ya sa ta ci gaba da yankan ciyawarta, kuma har yau ba ta daina kuka a kan haka ba.

Bihi ya kira jandarma, suka ce jirgi mai saukar ungulu ba zai iya tashi a iskar nan ba, amma suna tafe ta ƙasa. Maza suka taru a ƙofar masallaci suka haura, iska da duhu suka koro su. Ba zan ba ka labarin yadda na kwana ba. Da asuba suka sake shiri, har da jandarmomi biyu da tsoho Assu wanda ba wanda ya gayyace shi. Bihi ya ce a ɗauki abin ɗauko mutum, don ba a san yadda za a tarar da su ba. Ya shiga ɗakin baƙi ya yaye barguna da tabarmi daga gadon Anir, ya ciccibo katakon da ke ƙasa aka ɗaure wa alfadara. Ka san ko wane katako ne, ko kuwa shi ma ka manta? Ƙyauren ɗakin kiwon Baba ne, wanda ya sassaƙa da hannunsa, mai tauraro a tsakiya.

Yanzu ka saurari abin da ya kai ɗanka can, don ya faɗa mini da bakinsa a asibiti. Ya ce tun yana ƙarami kake ba su labarin ɗakin kiwon Baba. Wai ƙyaurensa ba a taɓa kulle shi ba, duk wanda ya tura zai tarar da itace da shayi da sukari da garin sha'ir. Wai kai da takalmin roba kake hayewa a guje bayan asuba ka dawo kafin azahar. Kai, Iddir? Kai ɗin da Baba yake ɗorawa a kan alfadara tsakanin tukwane kana kukan ciwon ciki? Yaron ya ji za ka ajiye aiki a masana'anta bana, sai ya ƙudura zai ɗauko maka hoton ƙyauren nan ya sa a gilashi ya ba ka. Ya ɓoye mini ne don kada in yi suɓutar baki a waya. Ba su ɗauki bargo ba, ba su ɗauki ashana ba, tunda ubansa ya ce komai yana can.

Abin da ka faɗa gaskiya ne, amma gaskiyar watan Agusta ce, watan da kake zuwa hutu ka sha shayi a inuwa ka koma. Ba ka taɓa gaya masa cewa da kaka, idan an sauko da dabbobi, ana kwance rufin a jingine azara, a cire ƙyauren a sauko da shi gida don kada ƙanƙara ta karya shi ba? Kai ne fa kake jan alfadarar kana yaro, kana mita. Sun isa can da kyar suka tarar da bango huɗu cike da ƙanƙara, ba rufi ba ƙyaure. Abin da ya hau nema kuwa a kansa yake kwana tun ranar da ya iso, yana zaginsa kowace safiya.

A kan hanya ƙafar Anir ta burma cikin rafin da ke gudu a ƙarƙashin ƙanƙara, ta jiƙe ta kuma gurɗe. Allah Ya taimake su suka ga ramin nan na ƙarƙashin falalen dutse inda ake killace 'yan awaki, suka rarrafa ciki suka kwanta a kan busasshen kashin awaki. Tibo, Allah Ya shirye shi Ya saka masa, ya cusa ƙafar Anir cikin rigarsa ya rungume ta a ciki har gari ya waye. Likita ya ce ba don haka ba da yanzu wani zancen ake. Su Bihi kuwa, alfadara ta tsaya inda ƙanƙara ta kai mata ƙirji, maza suka ɗauki ƙyauren a kafaɗa suka ci gaba suna kira har yaran suka amsa. Assu ya ce da suka zaro su daga ramin, warin da suke yi ko bunsuru sai ya ba su hanya. Suka naɗe Anir a bargo suka ɗaure shi a kan ƙyauren, wani wuri su ja, wani wuri su ɗauka. Bihi ya zame ya nutse har wuya a rafin nan, ga inda tarin ya samo ƙarfi.

Bihi ya ce duk wahalar nan yaron bai yi ko uhm ba, sai ba su haƙuri yake ta yi. Sai da suka tsaya hutawa, ya zaro hannu daga bargo yana shafa katakon da ke ƙarƙashinsa, yatsunsa suka faɗa cikin sassaƙar tauraron. Ya tambayi Bihi mene ne wannan. Bihi, ka san bakinsa, ya ce masa gadonka ne mai tauri, ya gaji da jiranka ya biyo ka. Sai yaron ya gane, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, maza suka juya masa baya har ya gama.

Ni kuwa ina bakin gari tare da mata tun hantsi. Da na hango su suna gangarowa da ƙyauren a kafaɗa da mutum a naɗe a kai, sai na zauna a ƙasa. Wannan ne karo na biyu da na ga ƙyauren nan ya sauko da mutum. Na farkon Baba ne, ranar da ya faɗi ya cika a cikin awakinsa, kuma ba ka nan, takardunka na tafiya ba su fito ba, ban taɓa ganin laifinka ba. Ban san ko rayayye ko gawa zan tarar a cikin bargon ba sai da ya ɗago kai ya ce Gwaggo, tajin ya huce ko? Na so in mare shi, na so in haɗiye shi don ƙauna, na rasa wanda zan fara.

Raina a ɓace yake da kai, Iddir, ba zan ɓoye maka ba. Na san kewar gida ce take sa ka ƙara wa labari gishiri, amma yaro ba ya tace maganar ubansa. Kada ka kira shi ka yi masa faɗa, kada kuma ka turo mini uzurin gwiwa. Ka shiga jirgi ka zo ka zauna a bakin gadonsa kafin likita ya yanke hukunci a kan ƙafar nan. Ba ya tambayar kowa ko zai sake tafiya daidai, abin da yake tambayata kullum shi ne ko za ka ji kunyarsa, wai ɗan Iddir ya kasa hawan da ubansa yake yi da takalmin roba. Ni na faɗa masa zancen alfadara da tukwane, bai yarda ba. Daga bakinka kaɗai zai yarda.

Ka gaishe mini da Zaina, ka zaunar da ita kafin ka karanta mata. Ka gaida 'yarka Tilila da mijinta da ƙaramin Yuba. Bihi yana gaishe ka tsakanin tari da tari, Mamas ma ta ce a nema mata gafararku. Ƙyauren yana jingine a tsakar gida yana shan rana. Na ce ko an buɗe makiyaya ba mai mayar da shi sama sai ka zo ka ja alfadarar da hannunka.

Yayarka,
Ijja