Fiifi Ba Zai Buga Ba

Dunkwa, 3 ga Mayu, 1996

Yaya Oforiwaa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikin asibiti. Adwoa da yara suna gaishe ki.

Kin ji a rediyo ƙungiyarmu ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Tun da na fara horar da 'yan ƙwallo ban taɓa matsowa kusa da kofi haka ba, kuma duk saboda Fiifi Essel ne, ɗan wasanmu na gaba. Jiya mai ƙungiyar, Nana Boadu, ya kira ni ofishinsa ya ce wasu Turawan Beljiyam za su sayi yaron, don haka kada in ƙara sa shi a wasa, kar a karya masa haja. Na ce, "Nana, bara ka sayar mini da 'yan baya, bana kuma mai cin ƙwallon? Da wa zan ɗauko kofin?" Ya ce shi bai taɓa ganin kofi ya ciyar da kowa ba.

Amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Ranar Talata Fiifi ya faɗi a wajen atisaye, ba wanda ya taɓa shi. Ya tashi yana dariya wai bai ci tuwon dokunu ba ne. Ba wannan ne karon farko ba, kuma na ga ya dafe ƙirji. Ke kika san aikin nan. Yunwa tana yin haka? Kada ki gaya wa kowa.

Ƙaninki,
Kwadwo

Sunyani, 8 ga Mayu

Kwadwo,

Na gaishe ka da iyali. Yunwa ba ta sa mutum dafe ƙirji, kai ma ka sani, shi ya sa ka ɓoye maganar a ƙasan takarda. Zuciya nake tsoro. Na ga irinsu an kawo mana, samari majiya ƙarfi, kafin a sauke su daga mota an gama.

Ka tambaye shi ko a gidansu wani ya taɓa mutuwa farat ɗaya yana matashi. Sannan ka kawo shi likitanmu ya duba shi. Kai da Nanan naka kun ba ni haushi: shi yana kallon yaron yana ganin kuɗi, kai kana ganin kofi. Ɗan mutane ne fa.

Ubangiji ya tsare.
Yayarka

Dunkwa, 14 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa.

Na tambayi Fiifi. Wansa ya faɗi a gonar koko yana aiki, bai ƙara tashi ba.

Na je na gaya wa Nana. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya zuba mini ruwa da hannunsa, ya ce, "Koci, kai likita ne yanzu? Yaranka har yanzu ta bakin kogi suke bi zuwa makaranta, ko?" Tun ranar, wasu ƙarti daga ramukan zinariyarsa suke zama a gaban gidana suna cin gyaɗa. Har gaishe da Adwoa suke yi da sunanta.

Ga abin da ya fi. Wakilin Turawan zai zo ranar Lahadi, ranar wasan kusa da na ƙarshen, ya ce sai ya ga yaron a fili da idonsa. Yanzu Nana ya juya, ya ce Fiifi zai buga daga farko har ƙarshe. Abin da na yi ta roƙo ke nan, Yaya, ga shi an ba ni. Magoya baya sun cika gari da kiɗa, suna waƙa da sunana.

Shi kansa Fiifin ya same ni a bayan fili ya durƙusa. Ya ce, "Koci, ka rufa mini asiri. Uwata kifi take kyafawa har idonta ya fara mutuwa. In ka kai ni asibiti, kai ka kashe ni, ba ciwon ba."

Ba zan ɓoye miki ba, ina son kofin nan. Wataƙila ya buga lafiya. Ya sha bugawa lafiya.

Kwadwo

Sunyani, 16 ga Mayu

Kwadwo,

Ina gaisuwa. Wataƙila ya buga lafiya, gaskiya ne. In kuma bai yi ba, kai za ka shiga fili ka ɗauko shi, kai za ka je gaban uwarsa.

Ka sa Adwoa da yara a motar Asabar da safe, ka ce biki za su zo. Ina da wurin kwana. Na yi wa likita magana, yana jiran yaron ranar Litinin. Sauran kuma naka ne.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.
Oforiwaa

Obuasi, 20 ga Mayu

Yaya,

Na gode da kika karɓi iyalina. Ina gidan wani fasto a nan, kada ki faɗi inda nake.

Ban sa sunan Fiifi cikin 'yan wasa ba. An ci mu biyu da nema. Baturen ya tashi tun kafin hutun rabin lokaci. 'Yan sanda ne suka fitar da ni, dutse ya fasa mini gira, an cire ƙofofin gidana. Nana ya kore ni ta bakin direbansa. A gari cewa ake yi sayar da wasan na yi.

Wanda ya miƙo miki takardar nan shi ne Fiifi. Uwarsa ce ta tilasta masa, bayan na je na gaya mata komai. Ba ya yi mini magana, kada ki ga laifinsa. Ki ba shi abinci kafin ku tafi wurin likita, tun jiya bai ci ba.

Idan likita ya ga ciwo, ki aiko mini nan take. Idan kuma ya ce lafiyarsa lau, ki ɗan jinkirta, Yaya. Ban san yadda zan karanta wannan ba tukuna.

Ƙaninki,
Kwadwo