Buhu Biyu a Kujerar Papa

Alhamis, 8 ga Yuni

"Kuma kada ki sa wandon nan naki na makanikai, gidan mutane za mu je." Papa ke nan, tun ban ajiye jakata ba. Ninong Berting, amininsa da ya riƙe ni ranar baftisma, ya kira, wai jibi mu zo tsibiri cin ƙaguwa. Ba wanda ya tambaye ni. Ni dai direba ce.

Tun da likita ya ƙi sa wa Papa hannu saboda zuciyarsa, lasisinsa na tuƙin jirgin sama ya mutu. Jirgin nasa ne, shi ya koya mini, amma a doka ni ce matuƙiya, shi fasinja. Kowa ya san haka ban da shi. Wanda ya tsufa a kujerar alƙali ba ya jin an yanke masa hukunci, shawara ce kawai aka ba shi.

Juma'a, 9 ga Yuni

Na kira mai gadin filin saukar jirgi na tsibirin. Ana ta ruwa tun farkon mako, ba a yanke ciyawa ba. Na gaya wa Papa. Ya ce ciyawa ba ta taɓa kashe kowa ba. Ƙididdiga nake koyarwa a jami'a, na san ta kashe. Na miƙa masa miya.

Asabar, 10 ga Yuni



Zuwa lafiya lau. Papa ya gyara mini tuƙi tun daga rumfar jirgi har teku, sannan ya yi barci. Sai da muka zaga filin sau biyu kafin a kore awaki. Muna sauka na ji ƙasar ta riƙe tayoyin kamar mai jan rigar mutum. Fili ne gajere, ciyawa har ƙauri, ƙarshensa layin bishiyoyin kwakwa. Na dube su. Papa yana gyara gashinsa a gilashi.

Ninong ya zo tarbarmu da rabin garin. Na kai hannunsa goshina, yadda muke gaida manya, ya ce, "Chelo, har yanzu ba miji? To, wa zai kamo mace a sama?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, ai na ƙware.

Ƙaguwa, gasasshen kifi, farfesun akuya, sai kuma ƙaguwa. Ninang Pacing, matar Ninong, tana cika mini faranti tana cewa na rame. Aka jona lasifika, Papa ya rera waƙar zamaninsu. Ni ina bakin taga ina kallon hadari yana haɗuwa a yamma. Filin ba fitila, ba rumfa. Idan guguwa ta same mu a can, jirgin zai kwana a fili, wataƙila da safe mu tsince shi a gonar wani. Na raɗa wa Papa mu tafi. Ya ce ba a tashi daga teburin mutane da ƙaguwa a hannu.

Da muka koma fili, tsarabar ta riga mu. Busasshen kifi, kwandon mangwaro, da buhu biyu na jar shinkafa, girbin farko na gonar Ninong. Papa ya dafa buhunan, ya yi jawabin godiya, aka tafa. Aka fara ɗauka za a loda.

Na ce a dakata. Na taka filin har ƙarshe. Takalmina yana nutsewa, rana tana dafa ƙasa, ko ganye ba ya motsi. Zafi, jiƙaƙƙiyar ciyawa, ba iskar da za ta taimaka. Na auna a kaina, na sake aunawa. Jirgin zai iya ɗaga ni da mansa da mutum ɗaya. Fiye da haka, kwakwa za mu ci.

Na ja Papa gefe na faɗa masa a hankali. Shi ya ɗaga murya: "Na tashi daga filin nan da abin da ya fi wannan tun ba a haife ki ba."

Na ce a aiko shinkafar ta jirgin ruwa. Fuskar Ninong ta canza. "Abin da ya bi jirgin ruwa ai saƙo ne, 'yata, ba tsaraba ba. Ko ba ki yarda da mahaifinki ba ne?"

Kowa yana kallona. Ninang tana yi mini ido, irin na "ki yi haƙuri, ki bi babba." Papa ya ce, "Ku loda." Da muryar kotu.

Sai na ji bakina yana cewa: "Papa, kai da buhunan nan biyu nauyinku ɗaya ne. Ɗayanku zai hau. Ka zaɓa."

Da sun yi shiru, da abin ya zo da sauƙi. Dariya suka yi. Wani ya ce, "Yau an yanke wa Alƙali hukunci!" Ninong har da dukan cinya. Papa bai yi ba. Ya dube ni irin kallon da na sha gani yana yi wa lauyoyi, ya ce a ɗora shinkafar a kujerarsa.

Na bi shi har gindin bishiya. Na ce Papa, don Allah, ba haka nake nufi ba, a bar kayan mu tafi gida. Ya ce, "Kin ce in zaɓa. Na zaɓa." Ya juya yana tambayar Ninong lokacin tashin jirgin ruwa.

Hadari ya matso, na ji ƙamshin ruwa. Na ɗaure buhunan da bel. Na bar mangwaro. Na ba Ninang maganin Papa da ke jakata, na gaya mata safe da yamma.

Na kai jirgin can ƙurewar fili, na danne birki, na buɗe wa injin wuta duka, na saki. Ya tafi kamar tsohon da aka tasa daga barci. Taɓo yana fantsama a fiffike. Mun wuce inda na sa a raina za mu ɗaga, ba mu ɗaga ba. Bishiyoyin suna girma a gilashi. Ban yi addu'a ba, ba lokaci. Tayoyin suka rabu da ƙasa, suka sake taɓawa, suka rabu. Na ga 'ya'yan kwakwa, na ga har wadda ta nuna.

Ban waiwaya ba. Duk hanyar gida shinkafa ba ta gyara mini komai ba.

Lahadi, 11 ga Yuni

Papa bai ɗauki waya ba. Ninang ta aiko: ya sha magani, bai yi waƙa ba. An hana jiragen ruwa tashi saboda igiyar ruwa.

Ni ce da gaskiya. Na rubuta a nan tunda ba wanda zan gaya wa.

Litinin, 12 ga Yuni

Ya iso da yamma, jirgin ruwa sannan bas, ƙafafunsa a kumbure. Na kai hannunsa goshina. Ya bar mini hannun kamar yadda ake barin sanda a jikin bango. Ya wuce ɗaki.

Laraba, 14 ga Yuni

An dafa jar shinkafar. Ya ci faranti biyu. Ya gaya wa mai aikinmu ta gaya mini gishiri ya yi kaɗan, ina zaune gabansa.

Asabar, 17 ga Yuni

Gari garau. Na shirya zan je in ɗan zaga da jirgin kada ya zauna. Papa yana ɗakin karatunsa, jarida a cinya, ba ya karantawa. Na tsaya a bakin ƙofa na ce zan fita.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kin ja hancin jirgin da wuri. Shi ya sa ya sake taɓa ƙasa."

Na ce e, Papa.

Can ya ce, "Ban taɓa tsayawa a ƙasa na ga jirgin nan yana tashi ba. Ƙarami ne ashe." Ya naɗe jaridar, ya sake buɗe ta. "Na ga ganyen kwakwar ya motsa da kika wuce."

 Na ce yau babu kaya, kujerar ba kowa. Ya ce ya sani. Ya ce in duba man da idona, kada in yarda da allurar ma'auni.

Na daɗe a tsaye ina neman makullin mota, yana hannuna. Papa bai tashi ya nemi hularsa ba. Ya ce in ja ƙofar, sauro na shigowa.

Na ja ta a hankali har ta kama. Na ɗan tsaya a bayanta, sannan na tafi.