Habibu Ya Kori Aljanin Injin Wuta

Hajara 'yata, ɗanki Habibu ya fitar da mu kunya a gaban mutanen Roni! Af, ban ma gaishe ki ba. Yaya maigidanki da yara, yaya zaman Ikko? Mu lafiya lau.

Alhaji Mudi mai kanti ya sayo injin wuta a Kano, amma duk wanda ya taɓa shi sai wuta ta fizge shi, har ta kayar da ƙaninsa. Aka ce aljani ne, aka ɗaura laya, a banza.

Habibu, da yake ya koyi aikin wuta, ya kashe injin, ya sauya wayar da ta ɓare. Ya kafa dogon rodi a ƙasa mai laima, ya haɗa shi da jikin injin da wayar jan ƙarfe. Ya ce wutar da ta kauce hanya ƙasa za ta bi yanzu, amma kada a taɓa injin da jiƙaƙƙen hannu.

Da ya tayar da shi, kowa ya ja baya. Ya dafa injin, ya dube ni ya ce, "Tsoho, ko tsoro kake ji?"

Na ce, "Ja'iri!" Na yi bismilla na dafa. Shiru, ba abin da ya same ni!

Ki sa masa albarka, ki gaida kowa. Ku taho dukanku ku gani, ni zan fara dafawa.

Mahaifinki.