Hotunan da Babu Suna a Jikinsu

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma, daga ɗakina a tsohon gidan sarautar.

Inna,

Ina gaishe ki. Ya jikin Kaka? Ni lafiya lau, rufin ɗakina ne kawai yake ɗan yoyo, na tara bokiti.

Aikin rubuta tarihin gidan nan ya tsaya. Hotunan magabatansu suna jere a bangon matakala, babu suna a jikinsu, domin a al'adarsu yaro daga bakin kakarsa yake haddace su. Tsohuwar da ta ɗauke ni aiki ita kaɗai ta rage a zuriyar. Jiya tana faɗa ina rubutawa, sai ta tsaya gaban hoton wani mai farin gemu ta ce, "Ɗan nan, kai da ka yi karatu, wane ne wannan?" Ta yi dariya, sannan ta zauna ta yi ta kuka.

Don Allah ki sa Yaya ta naɗi sunayen kakanninmu daga bakin Kaka, kada a jira ni.

Ban san ko mai farin gemun nan mahaifin tsohuwar ne ba, ko za ta tuna sauran, ko wa zai gaji gidan. Ranar dawowata ma ban sani ba.

Allah Ya ƙara girma.

Ɗanki