Muryar Surukata a Ƙarƙashin Teburin Guga

Malam mai shawara, don Allah ka taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Ni ma'aikacin kantin magani ne, amma zuciyata tana ga aikin kwamfuta, shekara biyu ina koya da kaina. Da ofishin da ke saman kantinmu suka tashi rabuwa da tsofaffin kwamfutocinsu, na sayi ɗaya a araha, na sa mata wani faifan ajiya da na ciro daga wata matacciya, na mayar da ita saba, wato kwamfutar ajiyar bayanai. Akwati ɗaya ne a ƙarƙashin teburin guga, amma a cikinsa na kafa kwamfutoci uku marasa jiki, kowace tana harkarta kamar ba ta san 'yar'uwarta ba. Ranar da ya fara aiki har hoto na ɗauka.

To, bara surukata ta rasu. Ta bar wa matata saƙonnin murya sun fi ɗari a waya: nasiha, faɗa, yadda ake yi wa jariri wanka, har da wanda take yi mini tsiya kan gajartar wandona. Da wayar ta fara lalacewa, na bugi ƙirji na ce a kawo. Na kwafe su a duka kwamfutocin nan uku, na ce wa matata yanzu muryar Mama tana wuri uku. Wayar kuwa aka goge ta aka bayar.

Tun daga nan matata ta ɗauki akwatin da daraja. Ta ɗinka masa mayafi mai kauri saboda ƙura, ta ɗora furen roba a kai. Na san mayafin yana toshe fanka, amma na kasa magana. Makon jiya akwatin ya fara wani ƙas-ƙas. Na duba, sai ga gargaɗi cewa faifan ya kusa mutuwa. A nan gabana ya faɗi, don sai lokacin na tuna ukun nan duk a kan faifai ɗaya suke zaune.

Yayan matata zai zo ƙarshen wata da 'ya'yansa su ji muryar kakarsu. Ina tsoron in kashe ya ƙi tashi, ina tsoron in taɓa ya ƙarasa. Da ta tambayi ƙarar, na ce alamar yana aiki sosai ce. Jiya saura ƙiris in ba mai ciwon kai maganin tsutsar ciki. Yaya zan yi?

Mai saba a falo

Ɗan'uwa,

Wannan amsar na aika maka tun ranar da wasiƙarka ta iso. Na buga ta a nan ne saboda ire-irenka, don kuna da yawa.

Ka gina ɗakuna uku a ƙarƙashin rufi ɗaya, ka ce kana da gidaje uku. Ba laifi ba ne mutum ya haɗa saba da kayan gwanjo, haka ake koyo, kuma na yaba maka. Amma akwatin koyo wurin ɓarna ne da gyara, ba wurin ajiye amana ba.

Tunda yana kunne, kada ka kashe. Cire mayafin yanzu. Tsayar da biyu daga cikin kwamfutocin don faifan ya sarara, ka sa filas ɗin ajiyar bayanai, ka kwafi saƙonnin muryar kaɗai. Ba su da nauyi, kuma duk sauran aikinka za ka iya sake ginawa. Kada ka ce za ka gwada wata manhajar gyara. In kwafin ya cije, ka tsaya haka nan, ka kai faifan wurin ƙwararren mai ceto bayanai, ba abokinka mai ƙarambani ba. In ya kwafu, ka kunna su a wata na'urar, ka ji da kunnenka.

Sannan matarka. Na san shaiɗan zai raɗa maka cewa mayafin ne ya jawo. Zafi bai taimaka ba, gaskiya ne, amma faifan da aka ciro daga gawa dama a bakin kabari yake. Ita ta rufe abin da take ƙauna ne da abin da ta iya, kai da ka san fanka ka yi shiru. Ka gaya mata yau, ko an ceto ko ba a ceto ba, ka fara da cewa kuskurenka ne. Za ta ji zafi, amma ya fi ta ji a gaban yayanta.

In komai ya yi kyau, filas ɗaya a hannunta, ɗaya a ba yayanta ya tafi da shi gidansa, kwafi ɗaya kuma a wayarka. Wannan shi ne wuri uku. Mayafin kuma a naɗe nata filas ɗin a ciki, shi ba ya bukatar iska.

Kuma kada in ji saƙon wandon nan ya ɓata a hanya. Allah ya jiƙan surukarka, ya bar muku muryarta.